Lissafin da ke Ɓoye a Sarƙar Keke

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Guga da sassafe zai ga kekuna na shigowa birnin Katsina daga ƙauyukan hanyar Jibiya, wani da buhun gero, wani da dami na itace. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine. Sai dai yawancin mahaya sun fi kula da taya da birki, alhali ƙarfin keke yana tsakanin feda da wilin baya.

Abubuwa uku ne ke aikin: babban faranti mai haƙora da feda ke juyawa, da sarƙa, da firiwil na baya. Hans Renold ne ya inganta irin wannan sarƙa a Manchester a 1880, sannan a 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry, wanda sarƙa ke jan wilinsa na baya. A kan wannan tsari aka ƙera Raleigh na Ingila da kakanninmu suka yi tinƙaho da shi, haka ma Phoenix na Sin da Hero na Indiya.

Lissafin ba shi da wuya. Idan farantin gaba na da haƙora 44, firiwil kuma 18, duk zagaye ɗaya na feda zai juya wili kusan sau biyu da rabi. A keke mai wili inci 28, wannan ya haura mita 5. Idan aka sa firiwil mai haƙora 22, tafiyar za ta ragu zuwa kimanin mita 4 da rabi, amma feda zai yi laushi. Don haka mai dakon hatsi da ke ratsa yashi ya fi buƙatar firiwil mai haƙora da yawa, mai zuwa ofis a kan kwalta kuwa ƙarami ya ishe shi. Keke mai giya yana haɗa waɗannan zaɓuɓɓuka wuri guda, ko dai ta giya uku da kamfanin Sturmey-Archer ya ɓoye cikin cibiyar wili tun 1902, ko ta ɗan hannun da ke tsallakar da sarƙa daga wani jerin haƙora zuwa wani.

Babban abokin gabar sarƙa a ƙasar Katsina shi ne ƙura. Mutane kan zuba mata baƙin mai, shi kuma ya riƙe rairayin hunturu, su haɗu su riƙa cin ƙusoshinta. Da kaɗan-kaɗan sai ta ƙara tsawo, ta cinye haƙoran firiwil, feda ya fara zamewa a hawa. Awonta mai sauƙi ne: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka tazara 24 ya kamata ta ba da inci 12 cif. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, lokacin canji ya yi.

Rigakafi ya fi magani. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai mara kauri, a goge ragowar da tsumma. Masu gyaran keke kuma su riƙa tambayar mai keke irin kayan da yake ɗauka da hanyar da yake bi kafin su ɗaura masa firiwil, domin gwiwarsa ce ke biyan kuɗin zaɓin da bai dace ba.