Yadda Za Ka Zaɓi Ƙwallon Golf Da Ya Dace Da Gudun Sandarka

A ido, duk ƙwallayen golf iri ɗaya ne: farare, ƙanana, masu 'yan ramuka a jiki. Doka ma ta kusa daidaita su, domin hukumomin R&A da USGA sun ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinsa kuma kada ya gaza milimita 42.67. Amma abin da ke ciki ya bambanta ƙwarai, farashi ma haka. Matashin da ya fara zuwa fili a Kano, Kaduna, Rayfield ta Jos ko IBB ta Abuja yakan kwashi kuɗi ya sayi irin ƙwallon da ya ga zakaru na bugawa a talabijin, ya zubar da rabinsu a ciyawa cikin mako guda, kuma bugunsa bai ƙara ko yadi ɗaya ba. Kafin ka sayi ƙwallo, fara sanin gudun sandarka. Wayar da ke hannunka za ta taimaka.

Mene ne gudun sanda?

Shi ne saurin da kan sanda ke yi a daidai lokacin da ya daki ƙwallo. Ana auna shi da babbar sandar dogon zango, wadda 'yan wasa ke kira direba, kuma da mil a awa ake faɗinsa. Ƙwararrun gasar PGA ta Amurka suna kai wajen mil 115 a awa, kimanin kilomita 185 ke nan. Matsakaicin namiji mai wasan sha'awa yana wajen mil 93. Sabon shiga yakan gaza haka.

Yadda za ka auna naka

Hanya mafi inganci ita ce na'urar rada. TrackMan, ta wani kamfanin ƙasar Denmark, ita manyan 'yan wasa ke amfani da ita, amma tsadarta ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Akwai ƙanana irin su Garmin Approach R10, wadda ake ajiyewa a bayan ƙwallo, tana aika sakamako zuwa manhajar waya ta Bluetooth. In wani a kulob ɗinku yana da ita, roƙi aron minti goma.

In babu na'ura, buɗe manhajar golf mai GPS, ka auna nisan da ƙwallonka ya yi a iska kafin ya taɓa ƙasa. Yi bugu goma, ka ɗauki matsakaici, ka raba yadin da 2.3. Yadi 200 zai ba ka kusan mil 87 a awa. Kada ka haɗa da gangarawar ƙwallo, domin busasshiyar ƙasar rani tana sa shi ya yi ta gudu har ya ruɗe ka. In a Jos ka auna, rage kaɗan: iskar kan tudu ba ta da kauri, ƙwallo ya fi nisa a can.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwallo

Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci ƙwallon yana lotsawa, sannan ya dawo da siffarsa ya tashi. Lambar matsuwa ita ke nuna taurinsa: ƙaramar lamba, ƙwallo mai laushi, babbar lamba, mai tauri. Mai laushi yana da daɗin bugu ga mai sanyin hannu, kuma bai cika wulwulawa a iska ba, don haka ya fi tafiya sak. Mai ƙarfin bugu kuwa yakan rasa gudu da nisa in ya yi amfani da shi.

Wanne ne naka?

*Ƙasa da mil 85:* nemi mai laushi, mai lamba ƙasa da 70, irin su Callaway Supersoft, Srixon Soft Feel ko Wilson Duo Soft. Su ne kuma masu sauƙin kuɗi.

*Mil 85 zuwa 105:* matsakaici, daga 70 zuwa 90, irin su Srixon Q-Star Tour, Titleist Pro V1, ko Bridgestone Tour B RX, wanda kamfanin ya ƙera musamman domin masu gudu ƙasa da 105.

*Sama da mil 105:* mai tauri, irin su Pro V1x, TaylorMade TP5x ko Bridgestone Tour B X.

Wannan jagora ne kawai. Ga mai sanyin bugu, bambancin nisa tsakanin ƙwallo mai laushi da mai tauri 'yan yaduka ne. Kada talla ta sa ka yi zaton sauya ƙwallo zai gyara bugun da bai daidaita ba.

Fatar ƙwallo ma tana da magana

Masu araha ɓangare biyu gare su, ciki da fata, kuma fatar ta roba ce mai tauri irin Surlyn, wadda ke jure gurzuwa a kan tsakuwa. Masu tsada suna da ɓangare uku zuwa biyar da fatar yuretan mai laushi. Ita ce ke kama bakin gajeriyar sanda, ƙwallo ya wulwula ya tsaya cak a kusa da rami. Tun fitowar Pro V1 a shekarar 2000 ƙwararru suka raja'a a kan irin wannan. Sai dai in har yanzu kana zubar da ƙwallo uku ko huɗu a zagaye ɗaya, ba ka kai ga cin moriyar yuretan ba, kuɗinka kawai kake jefawa a daji.

Kada ka sayi kwalin dozin tun farko. Sayi ƙananan fakiti masu ƙwallo uku na iri biyu daga rukuninka, ka gwada su daga kusa da rami, sannan ka ja baya har zuwa direba, kana rubuta sakamako a waya. Wanda ya fi yi maka biyayya, riƙe shi kakar wasa guda. Mai sauya ƙwallo a kowane rami ba zai taɓa gane ko hannunsa ne ya yi kuskure ko ƙwallon ba.