Kyaftin Majid da Yadda Talabijin Ta Koya Mana Ƙwallo a Dusuman

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Maiduguri da kewayenta a wajen shekarar 2010, kuma aka yi sa'a akwai mai satalayit a unguwarsu, da wuya a ce bai san Kyaftin Majid ba. Ni a Dusuman na tashi, cikin ƙaramar hukumar Jere, a gefen birnin Maiduguri. Kanuri ne harshen da na buɗi baki da shi, Hausa kuwa a waje na tsince ta, kuma rabin abin da na tsinta a gaban akwatin talabijin ne da filin ƙwallo. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin wannan shiri na yara, da hanyoyin da ya bi ya koya mana taka leda ba tare da koci ba, sannan ta dubi giɓin da muke da shi na irin wannan shiri a harsunanmu.

Wane Ne Kyaftin Majid?

Muna yara mun ɗauka Majid Balarabe ne, saboda da Larabci muke jin yana magana. Sai da na girma na gane cewa ɗan Japan ne, kuma sunansa na asali Tsubasa. Wani mai zane, Yoichi Takahashi, shi ya ƙirƙiro labarin, ya fara fitar da shi a wata mujallar zane ta mako-mako a 1981. Shi kansa Takahashi wasan besbol ya taso yana yi, wato wasan nan da ake jefa wa mutum ƙaramar ƙwallo ya doke ta da sanda, domin a lokacin shi ne wasan da ya fi karɓuwa a Japan. Gasar Cin Kofin Duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina, wadda ya kalla a talabijin, ita ta juyo da hankalinsa ga ƙwallon ƙafa.

An mayar da labarin zane mai motsi daga 1983 zuwa 1986, kashi 128. Daga baya aka fassara shi zuwa Larabci, aka sauya wa 'yan wasan sunaye. Tsubasa ya koma Majid, abokin hamayyarsa ya zama Bassam, mai tsaron gida Walid, amininsa Yasin, kocinsu kuwa Fawaz. Wannan fassara ce tashoshin Larabawa irin su Spacetoon suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru har ta iso mana Borno.

Yadda Muke Kallo

A layinmu gida ɗaya ne ke da satalayit da janareto, gidan wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa. Idan muka taso daga Islamiyya sai mu yi cincirindo a ƙofar ɗakinsa, mu fi ashirin, manya a baya ƙanana a gaba. A cikinmu akwai Kanuri da Shuwa da Hausawa da Fulani da Margi. Matsalar ita ce Larabcin shirin na littafi ne, ko yaran Shuwa ba duka suke kamawa ba. Saboda haka sai wani yayanmu Bashuwe da ya yi nisa a karatu ya zama tafintanmu, kuma da Hausa yake fassarawa, domin ita kaɗai ce kowa ke ji ko da kaɗan ne. A bakinsa na fara jin kalmomi irin su raga da yanka da ba-ni-in-ba-ka da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da an gama shirin sai mu kwasa a guje zuwa fili da ƙwallonmu ta tsumma, mu ajiye silifa biyu a matsayin raga, a fara rigimar wanda zai zama Majid.

Dabarun Koyarwar Shirin

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya zane zai koya wa yaro ƙwallo? Da na sake kallon shirin bayan na shiga jami'a, na lura da dabaru guda huɗu.

Ta farko ita ce jan lokaci. A wasa na gaskiya bugu ɗaya ba ya wuce ƙiftawar ido, amma a shirin sai a tsayar da hoton, a nuna inda ɗan wasa ya dasa ƙafar da yake tsaye a kanta, da yadda ya ja ɗayar baya, da wurin da ta taɓa ƙwallon. Wasa ɗaya kan ɗauki kashi da yawa kafin a tashi. Wannan jan rai da manya ke yi wa dariya shi ya ba mu damar ganin abin da ido ba ya kamawa.

Ta biyu ita ce raɗa wa kowane bugu suna da bayyana dalilinsa. Shahararren bugun Majid shi ne wanda ƙwallo ke tashi kamar za ta tsallake raga, sai kwatsam ta sunkuyo ta faɗa ciki. Wannan ba tatsuniya ba ce. Idan aka sharɓi ƙwallo daga ƙasa zuwa sama har ta riƙa juyawa gaba tana tafiya, iskar da ke bi ta samanta da wadda ke bi ta ƙarƙashinta ba sa gudu ɗaya, sai a sami wani ƙarfi da ke danna ta ƙasa. Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Magnus ya yi bayanin haka tun a ƙarni na 19. Mu ba mu san da Magnus ba, amma mun yini muna gwadawa a jikin katanga.

Ta uku ita ce nuna wahalar atisaye. Majid ba ya rabuwa da ƙwallo, da ita yake zuwa makaranta a ƙafa. Mu ma sai muka riƙa tura tamu a ƙafa idan an aike mu niƙa ko ɗebo ruwa, kuma a nan ne da yawanmu suka koyi riƙe ƙwallo da ƙafa biyu.

Ta huɗu ita ce yaran da ke cikin shirin sun yi kama da mu. Bassam maraya ne, yana rarraba jaridu da wasu ƙananan ayyuka don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa. Yaron da ya yini yana tallar gyaɗa ko korar tsuntsu a gonar shinkafa ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci Bassam. Shi ya sa masoyansa a Dusuman ba su gaza na Majid yawa ba.

Ba mu kaɗai shirin ya taɓa ba. Fernando Torres na Sifen da Alessandro Del Piero na Italiya duk sun bayyana cewa sun taso suna kallon sa. Ita kanta Japan, wadda ba ta da gasar ƙwararru sai a 1993, ta fara zuwa Kofin Duniya a 1998, kuma a 2022 ta doke Jamus da Sifen a Ƙatar.

Inda Shirin Ya Gaza

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Shirin cike yake da zuguguwa: ƙwallo ta fasa raga, tagwaye su harba junansu sama, mutum ya yi alkafura ya doki ƙwallo ta bayan kansa ya sauka lafiya lau. Ba wanda ya gaya mana cewa masu yin irin wannan bugu a kan ciyawa suke faɗuwa, kuma sai da suka koyi faɗuwar tukuna. Ina da shekara tara na gwada a kan busasshiyar ƙasa, na sauka a kan hannuna na hagu. Wata guda na yi da karan ɗori, kuma har yau idan sanyi ya shigo hannun yana tuna mini.

A nan ne na ga bambancinsa da wani shiri da aka yi wa yara a Amurka a farkon shekarun 1980 mai suna The Baseball Bunch. A cikinsa wani shahararren ɗan wasan besbol, Johnny Bench, shi ke tara yara na gaske, ya gayyato ƙwararru su nuna musu yadda ake riƙe sanda da tsayuwa da duka, su gyara wa yaro kuskurensa nan take. Majid ya ba mu sha'awa da hoton bugu, amma babu wanda zai ce mana “ba haka ake yi ba”.

Halin da Ake Ciki a Yau

Wannan zama namu bai ɗore ba. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya yi ta tsananta, aka riƙa sa dokar hana fita, har aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013. Iyaye suka hana yara taruwa, maƙwabcinmu ya kwashe iyalinsa ya bar garin, filin da muke wasa kuma daga baya ya cika da bukkokin 'yan gudun hijira. Tafintanmu ma tun lokacin ban sake sa shi a ido ba.

Yaran Dusuman na yanzu ba su rage son ƙwallo ba, musamman da El-Kanemi Warriors ta sake cin Kofin Tarayya a 2024, bayan na 1991 da 1992. Amma abin da suke kallo guntayen bidiyo ne a wayar yayyensu, kowa shi kaɗai, da Turanci ko Larabci, babu mai fassara. An yi shirye-shiryen yara masu kyau a ƙasar nan, irin su Tales by Moonlight na NTA da Sesame Square da aka fara a 2011, sai dai tatsuniya da karatu da tsabta suka fi mayar da hankali a kai.

Kammalawa

Kirana ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa shi ne mu dubi wannan giɓi. Idan a Kano ana fassara finafinan Indiya zuwa Hausa har su karɓu a ko'ina, babu abin da zai hana a shirya wa yara shiri na minti goma sha biyar, a kawo tsohon ɗan wasa ya koya musu tsayar da ƙwallo da bugu da faɗuwa, har ma da langa da kokawa. Aikin da ya rataya a wuyanmu shi ne rubuta labarin da tattara kalmomin da yara ke amfani da su a fili, mu kai wa tashoshi irin su BRTV da NTA Maiduguri. Ni dai na fara tattara nawa a wani ɗan littafi, kuma duk hutu idan na koma gida nakan zauna a bakin fili in ƙara. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.