Bahagon Agadas Da Ya Fara Daga Sakkwato

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Sabo ta Badun, da sauran zangunan kurmi, a wannan makon labarin makaɗa muka kawo muku. Su dai waɗannan makaɗa masu gitar lantarki ne, irin wadda idan aka sakar mata murya sai mutum ya ji kamar aradu ce ta faɗi a tsakar gida. Shugabansu wani Ba'abzine ne na Jumhuriyar Nijar mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Dalilin da ya sa ya kamata mu san tarihinsa shi ne, faifansa na farko a Sakkwato aka yi shi, kuma shawarar da ta taɓa hana shi komawa gida a nan Abuja aka yanke ta. Tsakanin waɗannan garuruwa biyu kuwa akwai darasi ga duk wanda ya bar gida don neman abinci.

Kiɗan 'yan ci-rani

Dattawa daga cikinku ba za su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobin Abzinawa suka ƙare, har waɗanda muke kira Buzaye suka bazu a Kano da Kaduna da Ikko suna aikin gadi, da rawaninsu da butar shayinsu. To, yayin da wasu suka yo kudu, wasu arewa suka nufa, watau Aljeriya da Libiya. A can ne samarinsu marasa aikin yi suka ɗauki gitar Turawa, suka koya mata maganar gida. Suka zuba mata amon molonsu da kiɗan ƙwarya na takamba, suka riƙa rera waƙoƙin kewa da begen ƙasa. Ƙungiyar Tinariwen, wadda ta samo asali a Tamanrasset wajen 1979, ita ce uwar wannan salo. A Nijar kuwa babban malamin fannin shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. A zamanin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, kasetocin irin waɗannan waƙoƙi hannu da hannu suke yawo, hukuma kuwa tana yi musu kallon zargi.

A cikin wannan hali Mdou ya tashi. Ɗan jihar Tawa ne, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da aka fara haƙar yuraniyom tun 1971. Yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, daga nan fa abin ya shige masa rai. Amma gidansu gidan addini ne, ba a yarda da kiɗa ba, balle a saya masa gita. Sai yaro ya samo katako da wayoyin birkin keke ya harhaɗa tasa, ya riƙa koyo a ɓoye. Ga shi kuma bahago ne, komai sai ya juya shi kafin ya yi daidai da hannunsa. Da ya tasa, shi ma ya taɓa ci-rani a Libiya kamar sauran samarin ƙasarsu, kana ya dawo gida ya kama wasa a wuraren biki.

Tafiyar Sakkwato

Duk wanda ya san hanya ya san daga Tawa zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce: a bi ta Birnin Ƙonni, a tsallaka Illela, shi ke nan an iso. A 2008 Mdou ya bi sawun fatake ya zo Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa a ɗakin naɗar sauti. Lokacin kuwa waƙoƙin fina-finan Hausa, waɗanda ake kira nanaye, su ne ke tashe daga Kano har Agadas. Kayan aikin masu naɗar sautinmu a lokacin sanannu ne: fiyanon Yamaha ƙirar Japan, da gangar na'ura, da kwamfutar da ke lanƙwasa muryar mawaƙi har ta yi zaƙi kamar sarewa. Da irin wannan salo aka yi wa Mdou faifansa mai suna Anar. Waƙa da harshen Tamashek, gita ta Abzinawa, ado kuwa na Hausawa.

Babu kamfanin da ya buga faifan a wancan lokaci, babu kantin da ya sayar da shi. Wayar hannu ce ta yi masa dillanci. Wannan ya tura wa wancan ta Bluetooth, direban babbar mota ya kwafa a katin waya ya wuce da shi, har waƙoƙin suka kai arewacin Mali ba tare da mai su ya taka ƙafarsa can ba. A garin Kidal ne wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikinsu mai suna Tahoultine. Ya sa ta a wani faifan haɗaka na waƙoƙin wayoyin Sahara wanda ya fito a 2011, sa'an nan ya yi ta cigiyar mai waƙar har Allah ya haɗa su. Hausawa dai sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2013 aka fitar da faifan Afelan, wanda aka ɗauka a garin Cintabaraden. A 2015 kuma ya fito a matsayin tauraron wani fim da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina a kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Wani abin ban dariya shi ne, da aka zo sa wa fim ɗin suna sai aka rasa kalma ɗaya ta launin da Turancin ke nufi, dole aka kira shi ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Yadda ƙungiyar ta haɗu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta ɗaga sunan Mdou ta mutum huɗu ce. Akwai shi kansa da babbar gita da waƙa. Akwai Ahmoudou Madassane, tsohon abokin tafiyarsa, mai gitar da ke riƙe amo. Akwai Souleymane Ibrahim mai ganguna. Sai kuma wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai gitar da ke da kaurin murya, wanda kuma ya riƙa lura da naɗar faya-fayensu. Faifan Ilana ya fito a 2019, sai Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na birnin New York, wanda jaridun kiɗa na Ingila da Amurka suka lissafa cikin fitattun faya-fayen shekarar.

Wanda bai taɓa jin su ba, ga yadda abin yake. Waƙa takan fara a hankali, kamar tafiyar raƙumi da sanyin safiya. Can sai ganga ta ƙara wuta, masu amshi su karɓa, tafi ya shigo. Daga nan sai Mdou ya saki gitarsa, yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya, lasifika tana kururuwa, waƙa ɗaya ta kai minti bakwai ko fiye ba a sauka ba. Turawa da suka ji sai suka ce ga magajin Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, wasu kuma suka ce Eddie Van Halen. Amma wanda ya taɓa halartar biki a Agadas ya san daga inda wannan sauri da wannan ƙara suka fito: daga filin rawa ne, inda samari ba su yarda makaɗi ya yi sanyi.

Abin da ya sami makaɗan Japan

A nan ya dace mu leƙa wata ƙasa don mu gwada. Akwai wani kiɗa mai tsananin ƙara da Turawa ke kira hebi metal, wanda ya tashi a Ingila wajen 1970 ta hannun irin su Black Sabbath na birnin Birmingham. A 1981 wasu samari huɗu na Japan, Akira Takasaki mai gita, da Munetaka Higuchi mai ganga, da Minoru Niihara mawaƙi, da Masayoshi Yamashita, suka kafa ƙungiyar irin wannan kiɗa mai suna Loudness. Da harshensu suka fara, suka yi suna a gida. Da suka nufi kasuwar Amurka sai suka koma Turanci, kuma faifansu na 1985, Thunder in the East, ya kai lamba 74 a jerin Billboard, abin da ya zama babban labari ga makaɗan Japan a lokacin.

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. A ƙarshen 1988 aka sallami Niihara, aka ɗauko wani Ba'amurke, Mike Vescera, don a sami Turanci gangariya. Faya-faye biyu suka yi da shi, kasuwar Amurka ba ta ƙara buɗewa ba, a 1991 kuma ya kama gabansa. Sai a 2001 mutum huɗun na asali suka sake fitar da faifai tare, kafin Higuchi ya mutu a 2008. Mdou da mutanensa wata hanya dabam suka bi. Sun hau manyan dandamali na Amurka da Turai da rawaninsu da manyan rigunansu, suna waƙa da Tamashek, harshen da kusan babu mai jin sa a cikin 'yan kallo, kuma hakan bai hana a cika wuri ba.

Shawarar Abuja

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. A ranar 30 ga watan shugabannin ECOWAS suka taru a nan Abuja a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama tsakaninsu da Nijar, suka kuma ba sojojin wa'adin kwana 7. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Mutanen Illela da Jibiya da Maigatari sun san abin da wannan ya jawo wa kasuwanninsu da zumuncinsu.

A daidai wannan lokaci Mdou da Ahmoudou da Souleymane suna Amurka suna wasanni. Wasa ya ƙare, hanyar gida ta toshe, iyali suna can, su suna nan. Masu sha'awar kiɗansu ne suka yi karo-karo ta intanet don a sama musu masauki da abinci. Duk wanda rikici ya taɓa ritsawa da shi a kurmi, motocin Arewa suka daina tashi, ya san irin wannan zaman. Su kuwa ba su zauna hannu rabbana ba. Suka shiga ɗakin naɗar sauti a Brooklyn suka sake rera waƙoƙin sabon faifansu da gitar da ba ta lantarki, a hankali, cikin kewa. Wannan aiki shi ne ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice.

Shi kuwa ainihin faifan, Funeral for Justice, wanda suka kammala tun kafin juyin mulkin, ya fito a watan Mayu na 2024, jim kaɗan bayan sun yi wasa a babban bikin kiɗa na Coachella a Kalifoniya. A cikinsa Mdou ya caccaki Faransa kan yadda aka kwashe arzikin Nijar aka bar talakawa cikin duhu, ya kuma tuhumi shugabannin Afirka da suka bari aka yi hakan. A nan Abuja dai aka janye takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ko da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin lura

A cikin wannan faifai na 2024 akwai wata waƙa mai suna Imouhar, wadda ke kira ga Abzinawa da su riƙe harshensu, su rubuta shi, kada ya mutu a bakin 'ya'yansu. Wannan kira har da mu. Gidaje nawa ne a Agege da Sabo inda uba ke magana da Hausa, ɗa yana amsawa da Yarbanci ko Turancin buroka? Koyon harshen mai masauki abu ne mai kyau, da shi ake ciniki, da shi ake zaman lafiya da maƙwabta. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da ya fara da wayar birkin keke ya ari na'urar Sakkwato, ya ari gitar Amurka, ya ari dandamalin Turawa, harshensa ne kaɗai bai bayar aro ba. Kuɗin da ya samu kuma ya sa wani abu daga ciki wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan ƙasarsu, don ya san inda ƙishirwa take.

Har ila yau, akwai magana ga masu ɗakunan naɗar sauti na Sakkwato da Kano da Kaduna da Jos. Yaron da ya shigo yau da tsohuwar gita ko kuntigi, ba ku san inda Allah zai kai shi ba. Ku yi masa aiki tsakani da Allah, ku rubuta sunansa da naku a jikin aikin, don gobe a san mai shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma mai da kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.