Jamusanci da Tarihin Damagaram

A Mallawa, cikin gundumar Dungas wadda aka cire daga Magariya a 2011, Hausa ce harshen gida, Faransanci na lakkol, Larabci na makarantar allo, Ingilishi kuwa yana tsallaken iyaka. Saboda haka idan ɗalibi ya ci bakalorea ya ce Jamusanci zai karanta a jami'a, tambayar iyaye ɗaya ce: ina amfaninsa?

Tambayar tana bisa hanya, amma tana da amsa. Wani yanki na tarihin ƙasar nan a hannun Jamusawa aka rubuta shi. A ƙarshen 1852 Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Damagaram. Da ya koma Turai a 1855, ya tafi da wani yaro, Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. Daga bakin yaron nan ne wani Bajamushe, malam Schön, ya rubuta labarai masu yawa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. A 1906 Adam Mischlich ya buga ƙamus na Hausa, bayaninsa cikin Jamusanci. Karin magana da waƙoƙin da Rudolf Prietze ya tattara, su ma sharhinsu da Jamusanci yake. Maganar ta kakanninmu ce, amma jikokinsu kaɗan ne ke iya karanta abin da aka faɗa a kanta.

Karatun ba wasa ba ne. Hausa ta raba suna gida biyu, namiji da tamata; Jamusanci ya raba shi uku, kuma sau da yawa aikatau sai ƙarshen jimla yake zuwa, mai tafinta ya yi ta jira. Digirin farko shekara uku ne a jami'o'i irin su Lome, Wagadugu da Dakar. A Nijeriya akwai Ibadan da Nsukka. Ban da nahawu, ana koyon adabi da tarihin Jamus.

Ga ɗan manomi wanda guzurinsa bai taka kara ya karya ba, abin da ya fi shi ne ya ɗauki tarihi ko ilimin harsuna babban fanni, ya haɗa da Jamusanci. Ta haka aikin koyarwa yana hannu, ƙofar fassara da bincike kuma a buɗe. Muryar Jamus tana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, jami'ar Hambug kuma tana koyar da Hausa.