Ɗumamen Burauza: Abin da Mai Zuwa Batha Ya Kamata Ya Sani

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Batha ba masaka tsinke. Ita ce tsohuwar cibiyar kasuwancin Riyad, kuma nan baƙin ma'aikata ke kwarara ranar hutunsu: 'yan Bangladesh, 'yan Indiya, 'yan Filifin, 'yan Sudan, da namu na Najeriya da Nijar. Wani ya zo aika kuɗi gida, wani gyaran waya, wani neman tikitin jirgi. A tsakanin shagunan akwai ƙananan ofisoshin hidima, kowanne da kwamfuta ɗaya ko biyu da injin buga takarda, inda ake duba wa mutum wa'adin igamarsa (takardar izinin zama), a cike masa fom, a buga masa bizar fita da dawowa. Kwamfuta ɗaya, burauza ɗaya, mutane kuwa layi guda. A irin wannan wuri ne wata ɗabi'ar burauza da ba ta cika damun kowa a gida ba take zama abin lura.

Ɗabi'ar ita ce ajiya. Idan ka buɗe shafi a Chrome ko Firefox ko Safari, burauzar ba ta zubar da abin da ta sauko da shi. Tambarin shafin, hotunansa, 'yan fayilolin da ke sa maɓallai aiki, wani lokaci har shafin kansa, duk takan adana su a cikin wayarka ko kwamfutarka, a ma'ajiyar da masu gyaran waya ke kira kash. Gobe in ka koma, sai ta miƙo maka na wurinta maimakon ta ci data ta je ta karɓo sabo. Ɗumame ke nan: tuwon jiya ne, amma ya fi saurin zuwa gabanka kuma bai ci itace da yawa ba. Galibi babu laifi a ciki. Tambarin banki ba ya canzawa kullum, sake sauko da shi a kowace shiga asarar data ce kawai.

Mai shafin ne ke yanke kwanakin ajiyar. Tun 1997 da aka fitar da ƙa'idar HTTP/1.1, sabar da ke ɗauke da shafin tana iya maƙala wa kowane fayil umarni: a riƙe shi na daƙiƙa kaza, ko a tambaye ni kafin a yi amfani da shi, ko kuma no-store, wato kada a ajiye sam. In wa'adin ya cika, burauza takan tambaya ko an canza wani abu. Idan ba a canza ba, sabar ta amsa da lamba 304, shi ke nan ba sai an sake turo komai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne idan mai shafin ya yi shiru. Nan burauza takan yi wa kanta ƙiyasi, kuma wanda aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ɗin ya yi ba a taɓa shi ba. Fayil ɗin da ya kwana 100 babu gyara, tana iya ɗaukarsa sabo har kwana 10, ko da an gyara shi daren jiya.

Mu dubi mai aika kuɗi. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 kan kowace dala, tun 1986. Naira kuwa tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya duba farashi a shafin da burauza ta adana yana iya ganin lissafin shekaranjiya. Kuɗinsa dai za su tafi ne a farashin da ke kan kanta a lokacin, amma ya riga ya buga waya gida ya ce kaza za a gani, sai a dawo ana bayani.

A ofishin hidima abin ya fi fitowa fili. Dattijo ya zauna, fasfo a hannu, ya ce wa yaron da ke kan kwamfuta, "Ɗana, duba da kyau, an ce mini an ɗaga jirgin zuwa Laraba." Yaron ya leƙa ya ce, "Baba, ni dai Litinin nake gani." Sai da ya haɗa Ctrl da Shift da R ya danna, wanda ke tilasta wa burauza ta watsar da ajiyarta ta je ta karɓo daga tushe, sannan Larabar ta bayyana. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne abin da ke faruwa bayan dattijon ya tashi. Idan wanda ya gina shafin bai hana ajiya ba, danna kibiyar komawa baya tana iya dawo da sunan mutum da lambar fasfonsa a gaban wanda ya biyo layi, ko da an fita daga asusun. Manyan ƙofofin gwamnati kamar Absher da Nafath sai sun tabbatar da kai ta wayarka kafin su buɗe. Amma Batha cike take da wakilan tafiye-tafiye da kamfanonin kago, kowanne da nasa shafin, kuma kowane shafi gwargwadon kulawar wanda ya gina shi.

To me zai hana mai burauza ya ce wannan shafi da wancan kada a ajiye mini komai nasu, sauran a ci gaba? Shiga saitunan Chrome ka gani: kana iya hana wani shafi shi kaɗai amfani da kyamara, ko sanin inda kake, ko yin sauti, ko nuna hotuna. Maɓallin hana shi ajiya ne babu. Abin da ke akwai na masu gina shafuka ne: a kwamfuta ka danna F12, ka nemo akwatin Disable cache ka sa alama, kuma yana aiki ne muddin wannan tagar tana buɗe. Firefox tana da hanyar kashe ajiya a about:config, amma ta dukkan shafuka ce gaba ɗaya. Shi ya sa shawarar da ake ji a kowane shagon waya ita ce a goge komai. Sau da yawa har kukis ake haɗawa a share, mutum ya tashi an fitar da shi daga duk asusunsa, ga lambobin sirri da ya daɗe da mantawa.

Masu yin burauza suna da hujja. Mai shafi ya fi kowa sanin abin da ke canzawa a shafinsa, kuma kowane sabon maɓalli wata hanya ce ta mutum ya lalata wa kansa sauri ya dawo yana ƙorafi. Ni ban gamsu ba. Idan mai shafin ya yi sakaci, wanda ke zaune gaban kwamfuta ne ke kwana a ciki, kuma shi ne aka bari ba makami. Aikin ma an riga an ci rabinsa: tun Chrome 86 a Oktoban 2020 da Firefox 85 a Janairun 2021, an rarraba ma'ajiyar ta yadda kowane shafi yake da nasa ɓangare, don hana bin diddigin mutane. Tun da an san ɓangaren kowa, rufe na shafi ɗaya ba zai gagara ba. Wayar Android ma tana barinka ka goge kash ɗin manhaja ɗaya ba tare da ka taɓa sauran ba.

Sai dai maɓallin, ko an samar da shi, ba zai warkar da komai ba, domin akwai ajiyar da ake yi can a hanya kafin shafi ya iso wayarka. Ranar 25 ga Disamban 2015 kuskuren saita irin wannan ma'ajiya ya sa dandalin wasanni na Steam ya nuna wa wasu bayanan mutane wajen 34,000. Babu abin da mai burauza zai danna ya hana irin wannan.

Kafin a ba mu maɓallin, akwai dabaru. Duk shafin kuɗi ko na takardu, buɗe shi a tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito. Abin da ta adana yana ɓacewa da zarar an rufe dukkan tagogin sirrin, don haka a tabbata ba a bar ɗaya a buɗe ba. Mai ofis zai iya keɓe Firefox ya kashe mata ajiya don aikin jama'a kawai, ya bar Chrome don harkokinsa. Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza suna alƙawarin yin wannan aiki, amma wanda ka ba izinin karanta kowane shafi a kwamfutar da lambobin igamar mutane ke ratsawa, ka tabbata ka san shi. Kuma takardar da aka sauke don a buga ba ta cikin kash, tana nan zaune a jakar saukewa har sai an goge ta da hannu.

Kai kuma mai zuwa a yi maka aiki, kada kunya ta hana ka magana. Ka ce a buɗe maka tagar sirri, ka ga an rufe ta, a goge takardarka a gabanka, sannan ka biya ka tashi.