Amsoshin Tambayoyinku: Shin Akwai Adalci A Gasar Kacici-kacici Ta Wayar Salula?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa cikin Jihar Katsina. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan shiri, yana cewa: "Don Allah ina so ku raba mini gardama da ɗana. Yaron nan ya ɗauki ɗabi'ar shiga gasar kacici-kacici ta intanet a wayarsa, kusan kullum dare, kuma ana cirar masa kuɗi. Rannan ya kai tambayar kusa da ƙarshe, aka ce wace ƙasa ce ta fi kowace yawan jama'a a duniya. Ya danna Indiya, aka ce ya faɗi, wai amsar ita ce Sin. Shi ya rantse zaluntarsa aka yi, ni kuma na ce inji ba ya ƙarya, karatunsa ne bai kai ba. To wa ke da gaskiya? Kuma su wa ke tsara tambayoyin nan, akwai adalci a cikinsu kuwa?"

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya bar zumunci. Sai dai ka yi haƙuri, a wannan karon yaro ne da gaskiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 Indiya ta kamo ƙasar Sin a yawan jama'a har ta wuce ta, ko da yake kowaccensu tana da mutum sama da miliyan 1,400. Lissafin dai na ƙiyasi ne, domin ƙidayar da Indiya ta shirya yi a 2021 ɗage ta aka yi saboda annobar korona. Amma masana ba su da saɓani a kan cewa yanzu Indiya ce kan gaba, tunda yawan mutanen Sin ma raguwa ya soma yi.

Maganarka ta cewa inji ba ya ƙarya tana kan hanya, amma da saura. Inji ba ya ƙarya, ba ya kuma sanin gaskiya. Yadda abin yake shi ne, mutane ne suke zama su rubuta tambayoyi dubbai, kowace da amsar da suka zaɓa mata, su zuba su cikin kwamfuta. Idan yaronka ya danna amsa, abin da kawai kwamfutar ke yi shi ne ta gwada da wadda aka ajiye mata. In sun zo ɗaya ta ce ya ci, in sun saɓa ta ce ya faɗi. Kamar yaron shago ne da maigida ya faɗa wa farashi ya yi doguwar tafiya. Ko kaya sun tashi ko sun sauka, shi yana nan a kan abin da aka ce masa. Wanda ya rubuta waccan tambaya kafin 2023 bai yi kuskure ba, wanda ya bar ta a haka bai gyara ba shi ne mai laifi.

Amsoshi kuwa suna tsufa fiye da yadda ake zato. Duk wanda ya yi firamare da can an koya masa cewa Sudan ce ƙasa mafi faɗi a Afirka, kuma haka ne, har zuwa 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle, kambin ya koma hannun Aljeriya. Jihohin Nijeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Hatta duniyoyin da ke kewaya rana, tara ake ƙirgawa, sai a 2006 taron masana taurari na duniya ya cire Pluto daga sahu, suka koma takwas.

Wani abin kuma, masu rubuta tambayoyin nan ba kasafai suke bincike da kansu ba, kwafa suke yi daga littattafai ko daga wajen junansu, kuma wannan hali ya girmi intanet. Akwai wani Ba'amurke mai suna Fred Worth da ya wallafa littafin tambayoyi da amsoshi. Don ya kama masu yi masa sata, sai ya dasa ƙarya guda da gangan a ciki, ya ƙaga wa wani ɗan sandan ciki na wasan talabijin mai suna Columbo sunan fari, ya ce wai Philip. Ana nan sai ga wannan ƙarya ta fito a matsayin amsa a cikin Trivial Pursuit, wani shahararren wasan kacici-kacici na kati da aka ƙago a Kanada. A 1984 Worth ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 300. Bai yi nasara ba, kotu ta ce ba wanda ya mallaki bayanan da kowa ke iya sani. Abin lura a nan shi ne, duk ɗan wasan da ya musa waccan amsa, "ka faɗi" aka ce masa, alhali amsar ce ƙagaggiya.

To wannan ke nan game da amsar da ta tsufa ko ta zo da kuskure, kuma ita mai sauƙin gyara ce. Wadda ta fi wuya ita ce tambayar da ba a faɗi ma'auninta ba. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. Idan baƙo ya tsaya a gabanka ya ce tiya nawa ce a buhu, ai kafin ka amsa sai ka ce masa wane buhu, tiyar wace kasuwa, kuma awon da ya yi tozo ko wanda aka shafe baki? To yawancin tambayoyin "wanne ya fi" haka suke.

Alal misali, kogin da ya fi tsawo a duniya. Littattafai da yawa sun ce Nilu ne, mai tsawon kilomita wajen 6,650, sannan Amazon na Kudancin Amurka mai wajen 6,400. Amma a 2007 wasu masu bincike na ƙasar Brazil suka ce sun auna Amazon daga wata mafara ta daban a tsaunukan Peru, suka samu ya doshi kilomita 7,000, wato ya zarce Nilu. Rigimar ba ta igiyar awo ba ce. Babban kogi yana da rassa barjat, to daga kan wane reshe za a fara ƙirga, kuma a ina za a ce ruwan kogi ya ƙare na teku ya soma? Haka ma batun dutse mafi tsawo. In daga fuskar teku za a auna, Everest ne, mai mita 8,849 bisa awon da Sin da Nepal suka bayyana a 2020. In kuwa daga gindi zuwa ƙololuwa ne, dutsen Mauna Kea na tsibirin Hawaii ya haura mita 10,000, sai dai fiye da rabinsa yana nutse cikin teku. Mai tsara tambaya na kirki kalma uku ko huɗu kawai zai ƙara, ya ce "daga fuskar teku", gardama ta mutu. Wanda bai ƙara ba, ya tambaye ka tiya ne bai nuna maka kwanon ba.

Yanzu bari mu zo kan wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Dattawa da yawa za su tuna an tambaye su a aji: wa ya gano kogin Kwara? Amsar da malam ke jira ita ce Mungo Park, kuma har yau akan ci karo da irin wannan tambaya. Shi Mungo Park likita ne ɗan ƙasar Sukotlan, ya iso bakin kogin a kusa da Segu, cikin ƙasar Mali ta yanzu, a 1796. A tafiyarsa ta biyu ya rasu cikin ruwan a Bussa, a 1806. To amma ran da ya isa Segu, ai birni ya tarar da sarkinsa da kasuwarsa, da masu fito suna ƙetarar da mutane a jiragen ruwa. Biranen Gawo da Tambutu sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin arzikin wannan kogi kafin a haifi kakansa, haka Sarkawa da Nufawa suna su a cikinsa. Abin da Park ya yi shi ne ya kai wa Turawa tabbacin cewa a wannan yanki kogin gabas yake gangarawa, abin da su can suke ta musu a kai. Da za a ce wane Bature ne ya fara kai wa mutanensa wannan labari da ganin idonsa, da tambaya ta yi daidai. Amma a ce shi ya "gano" kogin, wannan tambaya ce da aka rubuta daga tsaye a London, aka kuma nemi jikan masunci ya amsa ta kamar shi ma can yake tsaye.

Wannan ya kawo mu ga abin da suke kira ilimin kowa da kowa. Kowa da kowa na ina? Mai rubuta tambaya abin da ya tashi ya gani a garinsu shi yake ɗauka kowa ya sani. In a Amurka yake, sai ya cika rumbun da shugabanninsu da 'yan wasansu da finafinansu, ya sa su a jerin masu sauƙi. Da ku manoma za a ba ku alƙalamin, ku ce a bambanta gero da maiwa tun suna tsaye a gona, ko a faɗi wadda ta fi tsakanin kaura da farfara wajen tuwo, ko a faɗi abin da ƙuduji ke yi wa dawa, da farfesoshi da yawa sun sha ƙasa tun a zagayen farko. Saboda haka faɗuwa a irin wannan gasa ba ma'aunin ƙwaƙwalwa ba ne. Galibi abin da take aunawa shi ne kusancinka da duniyar wanda ya rubuta ta. Ga kuma Turanci, ga ƙarancin lokaci. Wata gasa mai suna HQ Trivia da ta yi tashe a Amurka daga 2017, daƙiƙa 10 kacal take bayarwa a kan kowace tambaya, kuma da yawa sun kwaikwayi wannan tsari. Wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, kafin tambaya ta gama buɗewa a wayarsa na birni ya riga ya amsa.

Akwai kuma tambayar da ra'ayi ce tsagwaronta aka sa mata rigar ilimi, irin su wane ne gwarzon ɗan ƙwallon duniya. A shekarar 2000 hukumar ƙwallon ƙafa ta FIFA ta so fitar da gwarzon ƙarni. Aka yi zaɓe ta intanet, Maradona ya samu fiye da rabin ƙuri'u. Aka kuma tambayi jami'ai da masana wasan, suka ce Pele. Ƙarshenta raba kyautar aka yi. In masu abin da kansu sun kasa tsayar da amsa guda, ina mai kacici-kacici ya samo tasa?

Sai dai kada yaro ya ji wannan bayani ya riƙa cewa an zalunce shi duk lokacin da ya faɗi. Tambaya mai wuya daban, tambayar rashin adalci daban. In aka ce ina ne babban birnin Jamhuriyar Benin, fatake da yawa za su ce Kwatano, domin can suke zuwa sayen kaya, can tashar jiragen ruwa take, can ma fadar shugaban ƙasa take. Amma a dokar ƙasar, Porto-Novo ne babban birni. Wannan tarko ne, amma tarkon halal, domin amsar guda ce, kuma kowa zai iya zuwa ya bincika ya tabbatar. A ganinmu ma'aunin ke nan: in mutum biyu masu sani za su iya ba da amsa biyu mabambanta, kowa da hujjarsa mai ƙarfi, to tambayar ce ke da ciwo, ba mai amsawa ba.

Mu ma ai muna da namu kacici-kacicin tun kaka da kakanni. In an ce ƙulin-ƙulifita aka amsa da gauta, amsar da ke cikin mai tambaya ita ce amsa, ko da taka ma ta dace. Amma a dandali kana ganin mutumin ido da ido, kana iya ja da shi, tsofaffi su raba gardama. In ka gaza, ka ba shi gari, garin da ba naka ba, a yi dariya a wuce. A waya kuwa ba ka ganin kowa, kuma abin da ake karɓa kuɗin gaske ne.

Don haka ga shawararmu. Yaro ya duba ko gasar tana da wurin kai ƙorafi, domin masu mutunci a cikinsu sukan soke tambaya in an nuna musu kuskure. In ya sake cin karo da irin wannan, ya ɗauki hoton fuskar wayar nan take, ya zama shaida. Ya kuma karanta sharuɗɗan, musamman wajen da aka faɗi yadda ake cirar kuɗi, saboda wasu da zarar ka shiga sau ɗaya kullum za su riƙa cira ko ka buga ko ba ka buga ba. A lura kuma, gasar da ake biya kafin a amsa takan fara da tambayoyin da ɗan yaye ma zai ci, don mutum ya ga kamar kyautar tana gab da hannunsa ya ci gaba da biya. Ku zauna tare ku haɗa lissafin abin da ya kashe a wata guda, ku gwada da kuɗin tiyar masara, sai shi da kansa ya yanke hukunci. Idan kuma ana cirar kuɗi ba da yardarsa ba, ya fara kai kuka ga kamfanin layinsa, in ba a share masa hawaye ba ya kira lamba 622 ta hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, kiran kyauta ne.

To Alhaji, da fatan ka gamsu. A gaishe mana da yaron, a kuma gaishe da mutanen kasuwa. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu, ku ƙara haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.