Bangon da ke yaƙin neman zaɓe: labarin rubutun feshi daga Lafiya zuwa Keana

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Lafiya ta ratsa Obi zuwa Keana, ba zai rasa ganin ragowar zaɓukan baya ba. Fastocin takarda sun daɗe da yagewa, iska da ruwan sama sun tafi da su. Abin da ya rage shi ne rubutun fenti a jikin kwalbati da katanga da turakun lantarki: sunan ɗan takara, da tsintsiya ko lema, da shekarar da aka riga aka wuce. An rantsar da waɗanda suka ci, kotuna sun yanke hukunci, amma bango bai daina neman ƙuri'a ba.

Keana, masarautar Alago da ke ƙarƙashin Osana, ta yi suna ne da gishiri. Sai dai a siyasance tana cikin mazaɓar tarayya ta Awe da Doma da Keana, da kuma mazaɓar Sanatan Nasarawa ta Kudu, inda Mohammed Ogoshi Onawo na PDP ya kayar da tsohon gwamna Umaru Tanko Al-Makura a 2023. Takarar gwamna ta wannan shekara tsakanin Abdullahi Sule da David Ombugadu kuwa sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Sule kujerarsa a Janairun 2024. A inda takara ta yi zafi haka, kowane bango daraja gare shi.

Sana'ar ba ta da tsada, kuma wannan ne sirrin yaɗuwarta. Mai zane yakan samu kwali mai kauri, ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, ko fallen kwano, ya zana haruffa ya huda su da reza. Gwaninta tana wajen haruffa masu ciki irin su A da B da O, domin idan bai bar 'yar gada ta riƙe tsakiyarsu ba, sai cikin ya faɗi, harafin ya zama dunƙulen fenti. Shi ya sa ake ganin haruffan a yayyanke. Daga nan sai a ɗora allon a bango, a fesa fentin gwangwani, ko a dangwala da soso idan kuɗi sun yi ƙaranci. Allo guda yana iya haifar da rubutu masu yawa a dare ɗaya, duk kamarsu ɗaya.

Dabarar ta girmi siyasarmu. An fara sayar da fentin feshi na gwangwani a Amurka bayan da Edward Seymour ya ƙirƙiro shi a 1949. A 1981 wani mai zane da ake kira Blek le Rat ya cika bangayen birnin Faris da hotunan ɓeraye ta wannan hanya, kafin Banksy na Ingila ya kai ta ga shahara. A Masar, bayan juyin 2011, Bahia Shehab ta riƙa fesa kalmar "a'a" ta Larabci a titunan Alƙahira don nuna adawa da zalunci. A can, rubutun feshi makamin wanda ba shi da murya ne. A nan kuwa, galibi kwangila ce da masu kuɗi ke bayarwa, matasa su aiwatar.

Nan ne maganar ta shafi mutanen Abuja. Sau da yawa hadimin ɗan siyasa ne ke aika kuɗin fenti gida, ba tare da ya tambayi bangon wa za a shafa ba. Idan rubutun ya hau katangar makarantar firamare ko asibitin ƙauye, dukiyar jama'a aka ɓata, kuma da kuɗin jama'a za a sake fenti, in ma an sake. Idan ya rufe alamar hanya, ran matafiyi aka saka a haɗari. Idan kuma ya hau gidan wani ba da izininsa ba, an liƙa masa jam'iyyar da wataƙila ba tasa ba ce, a yankin da Alago da Tibi da Fulani da Hausawa ke zaune tare, inda ƙaramin zargi kan iya zama babbar fitina.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ƙayyade cewa yaƙin neman zaɓe zai fara kwana 150 kafin ranar ƙuri'a, ya tsaya saura sa'o'i 24. Ta kuma haramta taken da ke ɗauke da zagi ko abin da zai sosa ran wani addini ko ƙabila. Ana iya sauke allon talla idan wa'adi ya cika, amma fenti ba ya sanin wa'adi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san ƙa'idojin aikinsa sun yi masa iyaka da siyasar jam'iyya, ko da a bangon garinsu ne.

Ba a ce a kashe sana'ar ba. Hannun da ya iya huda sunan ɗan takara shi ne ke rubuta lambar gida da sunan makaranta da sanarwar rigakafi, kuma da ita matasa da dama ke cin abinci. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a nemi izinin mai bango, a ƙyale gine-ginen gwamnati da alamomin hanya, sannan wanda ya biya kuɗin feshi ya ware na gogewa tun daga farko. Kafin hadimi ya tura kuɗin fenti a kakar zaɓe mai zuwa, ya dace ya tuna cewa maigidansa na iya barin kujera bayan shekara huɗu, amma mutanen Giza da Kadarko da Keana za su ci gaba da kwana a bayan wannan bango.